Ƙwaƙwalwar tsohuwar kwamfuta: a karanta ta kafin a ɗora ta a sikeli

Duk wanda ke zaman kasuwa, ko a Katako ta Yamai, ko a kasuwar Dole ta Damagaram, ko a rumfunan ƴan jari-bola na Maraɗi da Tawa da Ƙwanni, ya san yadda ake cinikin mataccen kayan lantarki. A ɓare kwamfuta, ƙarfe gefe, roba gefe, wayar tagulla gefe, a ɗora a sikeli a biya da kilo. To amma cikin tarkacen nan akwai wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, wanda girmansa bai wuce tafin hannun yaro ba, mai ƙananan ƙafafu masu ruwan zinariya a ƙarƙashinsa. Masu gyara suna ce masa furosesa, mu kuma mu ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, tunda shi ne ke yin dukan lissafin. A kansa muke son mu ja hankalin ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, domin a ganinmu ana asara biyu a kansa. Ta farko, ana sayar da shi ido rufe. Ta biyu, wadda ta fi muni, wasu sun fara tunanin za su fitar da zinariyar da ke jikinsa da hannunsu a cikin gida.

Mutum biyu ne ke neman wannan abu a duniya, kuma ba abu ɗaya suke nema ba. Na farko mai tace zinariya ne. Shi babu ruwansa da suna ko shekara, nauyi kawai yake kallo. Na biyu mai tara kayan tarihi ne, irin mutanen nan na Amurka da Turai da Japan da ke jera tsofaffin ƙwaƙwalwan cikin akwatin gilashi kamar yadda iyayenmu mata ke jeren kwalla da tasoshi a ɗaki. Shi rubutun da ke kai yake karantawa. Wanda bai san bambancin waɗannan masu saye biyu ba, kullum da farashin na farko zai sayar, ko da hajarsa ta na biyu ce.

Labarin abin ma labarin ƴan kasuwa ne tun daga tushe. A shekarar 1969 wani kamfanin Japan mai suna Busicom, mai ƙera injin lissafi irin na kan teburin mai kanti, ya ba wani ƙaramin kamfanin Amurka kwangila. Kamfanin shi ne Intel, wanda a lokacin shekararsa ɗaya da kafuwa. Injiniyoyi huɗu, Ted Hoff da Stan Mazor da Federico Faggin da Masatoshi Shima, suka tattara aikin lissafin cikin ɗan guntu ɗaya aka sa masa lamba 4004. A cikinsa akwai turansisto 2,300. Tsofaffinmu sun san kalmar, don da ita ake kiran ƙaramar rediyo mai batir a da. A nan kuwa ana nufin ɗan makunni da ido ba ya gani. Bisa yarjejeniya, Busicom ne kaɗai ke da ikon amfani da 4004. Sai kasuwar injin lissafi ta faɗi, Busicom ya nemi ragi. Intel ya amince ya sassauta masa da dalar Amurka 60,000 (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba), shi kuma ya karɓi ikon sayar wa kowa. A watan Nuwamba na 1971 aka fitar da 4004 kasuwa. A 1974 Busicom ya karye. Mai haja ya saki abin da ke hannunsa don neman sauƙin yau, wanda ya san darajarsa ya ɗauka.

Bayan shekara huɗu aka yi wani cinikin da ƴan tumatir za su gane shi da kyau. A 1975 wani injiniya mai suna Chuck Peddle, na kamfanin MOS Technology, ya fito da ƙwaƙwalwa mai lamba 6502 a kan dala 25, alhali kishiyoyinta suna sayarwa ninki shida ko fiye. Ya kai ta bajekolin San Francisco, aka hana shi sayarwa a cikin zauren, sai ya kama ɗaki a otal, ya zuba hajar cikin kwalba mutane suna shigowa suna saye. Daga baya shi da bakinsa ya ba da labari cewa na saman kwalbar ne kaɗai masu aiki, na ƙasa cikon ido ne don a ga kamar kaya sun yi yawa. Ashe dai ba a kwandon Dogarawa aka fara wannan dabara ba. Arahar 6502 ce ta sa wasu samari biyu, Steve Wozniak da Steve Jobs, suka iya haɗa kwamfutarsu ta farko, Apple I, a 1976. Jikokinta ne kuma ke cikin na'urar wasan kaset ta Nintendo da kwaikwayonta na Sin da suka cika kasuwanninmu shekarun baya, waɗanda yara ke haɗawa da talabijin. Faggin kuwa ya bar Intel ya kafa Zilog, ya fito da Z80 a 1976, kuma ba a daina ƙera ainihinta ba sai a 2024. Shekara 48 haja ɗaya tana kasuwa.

Sauran tarihin ya fi kusa da mu. A watan Agusta na 1981 IBM ya fito da kwamfutar ofis mai ɗauke da Intel 8088, mai turansisto 29,000. IBM ya ƙi yarda ya dogara da dillali ɗaya, ya ce sai an samu wani kamfani na biyu da zai riƙa ƙera irinta. Ta nan AMD ya samu shiga, har yau kuma shi ne babban kishiyar Intel. Aka yi 286 a 1982, aka yi 386 a 1985, aka yi 486 a 1989 mai turansisto fiye da miliyon ɗaya. Da kotun Amurka ta ce ba a iya mallakar lamba a matsayin sunan haja, Intel ya bar lissafin lambobi, wadda ta biyo baya a 1993 aka raɗa mata suna Pentium. Ita ma ta zo da nata rikici. A 1994 wani malamin lissafi, Thomas Nicely, ya gano cewa tana kuskure a wasu lissafin rabawa. Intel ya fara cewa mai amfani da ita na yau da kullum sai ya shekara 27,000 kafin ya ci karo da kuskuren, kuma ba zai musanya wa kowa ba sai wanda ya nuna hujjar aikinsa na buƙata. Masu saye suka yi ca, IBM ya dakatar da sayar da kwamfutocin da ke ɗauke da ita, kafin shekara ta ƙare Intel ya sauko ya ce kowa ya kawo a canza masa. Abin ya ci masa dala miliyon 475. Abin mamaki, yau waɗannan masu aibin, na gudun 60 da 66 da wasu na farkon 90 da 100, masu tara kayan tarihi suna nemansu saboda aibin nan.

To me ke sa wata ta yi tsada wata ta zama shara? Abu ne da kowace mai sayar da tsofaffin duwatsun wuya ta sani: tsufa da ƙarancin samuwa da lafiyar jiki da kuma labari. 4004 ta farko, mai farin tangaran da murfin zinariya, takan kai ɗaruruwan dalar Amurka, wani lokaci dubbai. Waɗanda kamfani ya yi don gwaji bai fitar kasuwa ba, masu alamar ES, suna da masu nema. Haka kwaikwayon da aka yi a Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Gabas lokacin yaƙin cacar baka, kamar U880 da ta kwaikwayi Z80. Idan kuma ƙwaƙwalwar tana zaune cikin kwamfutarta ba a ɓare ba, darajar takan ninka. Apple I wajen 200 kawai aka ƙera, ana sayar da ita dala 666 da ƴan kai. A 2014 gidan tarihin Henry Ford ya sayi ɗaya a gwanjo a kan dala 905,000. A Faransa, Micral da aka ƙera a 1973 da Intel 8008, wadda ake lissafawa cikin ƙananan kwamfutocin farko a duniya, an yi gwanjon ɗaya a 2017 a kan yuro 62,000, wato sama da sefa miliyon 40. Jaridun Amurka sun ruwaito a 2015 cewa wata mata a Kalifoniya tana share gareji bayan rasuwar mijinta, ta kwashi kwalaye ta kai wa masu tattara shara ta tafi ba ta bar ko suna ba. A ciki akwai Apple I, aka sayar dala 200,000, aka koma ana cigiyarta don a ba ta rabi. Idan a ƙasar da aka ƙera abin ana wannan rashin sani, mu ba abin kunya ba ne mu tambaya.

Amma kada wani ya ji wannan ya rufe rumfarsa ya tafi tonon juji. Ba mu yi wa kowa alkawarin Apple I a Katako ba. Kwamfuta ba ta yaɗu a ƙasarmu ba sai daga shekarun 1990, ta hanyar ofisoshin gwamnati da bankuna da furoje-furoje, sannan kayan kwance da ke shigowa ta Kwatano da Lome da Legas lokacin da wuraren intanet suka buɗe a birane. Saboda haka abin da ya fi yawa a hannunmu shi ne Pentium III da Pentium 4 da waɗanda suka biyo su, masu koren faifai, waɗanda aka ƙera miliyoyi kuma babu mai marmarinsu. Abin da muke cewa a duba shi ne na tangaran, masu nauyi, launin toka ko shuɗi mai duhu ko fari: 286 da 386 da 486 da Pentium na farko da Pentium Pro, da na AMD da Cyrix da Motorola na wancan zamani. Waɗannan ko a wajen mai tace zinariya farashinsu daban ne da na koren faifai. Duk wanda ya zuba su buhu ɗaya ya sayar da kilo ɗaya, ya haɗa zuma da ruwa ya sayar a kuɗin ruwa.

Maganar zinariya kuwa sai an yi ta dalla-dalla, don a nan ne rai ke ciki. Gaskiya ne akwai ta. Ana shafa ta a ƙafafu da murfi da ƙananan wayoyin ciki saboda ba ta tsatsa. Gaskiya ne kuma ta yi tsada: oza ɗaya, wato giram 31, ta haura dala 2,000 a 2020, ta haura 4,000 a watan Oktoba na 2025, wanda a lokacin ya kama wajen jaka 70 kowane giram. Amma shafe ne, ya fi fatar albasa sirantaka nesa ba kusa ba. Pentium Pro ta 1995, wadda ake yi wa kirari da sarauniyar zinariya, an daɗe ana yaɗa cewa giram ɗaya ke cikinta, masu tacewa da suka gwada sun ce ba ta kai ba. Na baya-bayan nan kuwa sai an tara da yawa kafin a ga abin kirki, musamman tun 2004 da Intel ya fara cire ƙafafun daga jikin ƙwaƙwalwar ya mayar da su kan faifan da ake kafa ta. Fitar da wannan ɗan shafe sai da ruwan guba mai cin ƙarfe, haɗin asid iri biyu, wanda hayaƙinsa ke ƙona huhu. Hotunan da samari ke kallo a salula suna nuna ɗan dunƙulen zinariya a ƙarshe, ba sa nuna inda aka zubar da ruwan da ya rage, ba sa nuna tarin da mai aikin ke yi da dare.

Mu mutanen Maraɗi ba sai an ba mu labari daga nesa ba. A 2010, a maƙwabtanmu na Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka mutu da gubar dalma. Can dutsen zinariya ne aka riƙa kawowa cikin gida ana daka shi ana niƙa shi inda ake girki, inda yara ke rarrafe. Ba kwamfuta ba ce, amma gubar ɗaya ce: tsofaffin kayan lantarki da dalma aka like su, Turai ma sai a 2006 ta hana, kuma gilashin tsofaffin allunan nan masu ƙeya cike yake da ita. Waɗanda suka yi ci-rani a Ankara sun san Agbogbloshie, inda samarin arewa suka shekara da shekaru suna ƙona waya don fitar da tagulla, har hukuma ta rushe wurin a 2021. Hajiya mai tuwo, Inna mai ƙosai, ku ne kuke zaune kusa da hayaƙin nan tun safe har magariba, da goyo a baya da abinci a buɗe. Kuna da haƙƙin ku ce a'a, kuma sarkin kasuwa da magajin gari suna da haƙƙin su tsaya muku. Mai son ƙona waya ko jiƙa faifai a asid, wannan ba aikin tsakiyar kasuwa ba ne, ba kuma na tsakar gida ba.

Abin da ɗan kasuwa zai iya yi ba shi da wuya, ba ya kuma cin jari. Idan tsohuwar kwamfuta ta zo hannunka, musamman mai launin ƙwai da ta girmi ɗanka na fari, kada ka fara da guduma. A cire ƙwaƙwalwar a hankali, yawancinsu akwai ɗan hannu a gefe da ake ɗagawa ta fito da kanta. Kada a lanƙwasa ƙafafun, kada a kankare su da wuƙa don ganin ko zinariya ce, kada a goge rubutun da yashi. A ware na tangaran daban. Sannan a kira yaron gida mai salula ya rubuta lambar da ke kai ya duba a kan nawa aka sayar da irinta. A kula, farashin da aka saya ake dubawa, don wanda mai haja ya rubuta kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Minti biyar ne. A sani kuma cuta tana tafiya ta kowane ɓangare. Tun shekarun 1990 ake goge lambar Pentium a buga mafi girma don a sayar da tsada, yau ma ana buga tsofaffin lambobi a kan abin da ba shi ba. Wanda ya zo maka da kwali yana cewa kayan tarihi ne ka saya ka kai Dubai ka yi arziki, tambaye shi abin da ya hana shi kaiwa da kansa.

Mun san abin da Alhaji zai ce: jari ba ya kwana, kuma wa zai kai ni wurin Baturen da ke saye? Maganarsa tana kan hanya. Aika ɗan ƙunshi daga Damagaram zuwa Jamus, da karɓar kuɗinsa, wahala ce da sau da yawa ta fi ribar. Shi ya sa ba mu ce kowa ya zama dillalin ƙasashen waje ba. Amma wanda ya san abin da ke hannunsa, ko a gaban mai sayen da ya zo daga Kano ko Legas, bakinsa ya fi ƙarfi. Waɗancan sun san bambancin, shi ya sa suke zaɓa kafin su auna. Ƙwaƙwalwa ashirin ba su cika gwangwanin madara ba, ba sa ruɓewa, ba sa cin hayar sito, ba kamar albasa ba ce da za a ce sai an sayar yau. Idan ƴan jari-bola na kasuwa ɗaya suka haɗa nasu wuri guda suka sayar tare, kamar yadda mata ke yi da adashe, mai saye ne zai biyo su.

Kada kuma a ɗauka muna kiran a ƙaro mana shara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyon 62 na mataccen kayan lantarki, wanda aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Tun 2005 wata ƙungiyar Amurka, Basel Action Network, ta ba da rahoton cewa kwantena wajen 500 na tsofaffin kwamfutoci ke sauka Legas kowane wata, kuma dillalan can sun ce har kashi uku cikin huɗu na iya zama matattu. Ƙasashen Afirka sun sa hannu a yarjejeniyar Bamako tun 1991 don hana shigo da shara mai guba. Aikin duwan ne su tsare ƙofa. Maganarmu a kan abin da ya riga ya shigo ne, yana jibge a sito-sito da bayan ofisoshi.

Akwai kuma abin da bai kamata a sayar ba ko nawa aka taya. Mun taɓa ganin irin wannan da kayan Bura, tukwane da gumakan ƙasa na yankin Tera da aka gano a 1975, marigayi Boube Gado ya tona a 1983. Kafin a farga an kwashe da yawa an sayar da araha, yau ɗan Nijar da ke son ganin mafi kyawunsu sai ya nemi biza. Kwamfuta ba mu muka ƙera ta ba, amma wadda aka fara lissafin albashin ma'aikata da ita, da wadda aka fara buga jarida da ita, da wadda ɗaliban farko suka koyi aiki a kanta, tarihinmu ne. A gidajen rediyo mun ga yadda aka tashi daga faifai zuwa kaset zuwa kwamfuta cikin shekaru kaɗan, kuma mafi yawan na'urorin farko sun bi ƴan jari-bola ba wanda ya rubuta ko sunansu. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai yana da wurin ƙasusuwan dabbobin da suka shekara miliyoyi, yana da wurin uraniyom. Kabad ɗaya na 286 da 386 da 486 da Pentium ba zai gagare shi ba. Jami'ar Abdu Mumuni da ta Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa suna koyar da ilimin kwamfuta, kuma ɗalibin da ya riƙe 486 a hannunsa ya juya ta ya ƙirga ƙafafunta 168 zai fahimci abin da allo ba ya nunawa. Shugabannin waɗannan makarantu su aika mutum kasuwa da ɗan kuɗi a aljihu, su saya a hannun ƴan jari-bola a farashin da ya fi na kilo, kuma duk ofishin da zai sallami tsofaffin injinansa ya fara kiransu kafin ya kira mai sikeli.